Wai Ina Ogan Ɗin Yake?

Na san halinku, ba yau muka fara ba. Da jin an haɗa garinmu Mora na arewacin Kamaru da ogan a magana ɗaya, Alhajina na Kano ya ture hula ƙeya ya ce, "To fa, yau kuma da wacce Malam ya zo?" Mutumin Garwa ya fi shi dabara. Bai ce ƙarya nake ba, murmushin nan nasu na Fulani kawai ya yi, wanda ya fi ƙaryatawa ciwo. Hajiya kuwa tambaya ɗaya ta aiko: wai me ya kai ni ƙofar majami'ar Lutaran, ko akwai labarin da ba a ba dangi ba? Hajiya, kwantar da hankalinki, alwalata tana nan daram. Kunne ne ba shi da marfi. Duk wanda ya yi maƙwabtaka da majami'a, ko ya so ko ya ƙi, zai san ranar da 'yan kwaya suke gwaji, zai ma san ranar da mai babbar muryarsu ya kwana da mura.

Bari in fara ba ku abin da kuka zo nema, ku sha ruwa. Ogan mai bututu, irin wanda yake cinye bango guda a manyan majami'un Jamus, babu shi a Mora. Kun ji daɗi ko? Na ga har wani ya fara naɗe tabarma. Zauna, ɗan'uwa, ko rabin gardamar ba ka ci ba.

Tukuna ma, mutum nawa ne cikinku suka san abin da ake ce wa ogan? Je ka maƙera ka tsaya bayan yaron da yake zuga. Zugazugin nan da yake matsawa, a ce an ƙara masa girma har ya cika ɗaki, kuma maimakon gawayi a sa shi ya hura sarewa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kowace da muryarta ɗaya tak. To, ka ga ogan. Iska tana taruwa cikin akwatin katako, bututun suna jere a kansa, kowane da 'yar ƙofarsa a rufe. Mai kiɗa ya danna maɓalli, ƙofa ta buɗe, iska ta shiga, bututu ya yi magana. Ƙafafunsa ma ba su huta ba, suna da nasu maɓallan a ƙasa, masu fitar da murya mai kauri wadda ƙirji yake riga kunne ji. Babban bututu yakan kai mita 10, ƙaramin bai wuce tsawon yatsa ba. Kafin zuwan lantarki kuwa sai an ɗauki ƙato, ko ƙarti, su yi ta taka zugazugin tun farkon sujada har ƙarshenta. Suka yi gyangyaɗi, waƙa ta mutu a tsakiyar baiti, komai gwanintar maigida.

Yanzu ku ɗauko wannan halitta ku kawo ta gindin duwatsun Mandara. Katako ce da fatar tumaki da manne, da kuza haɗe da dalma. Hunturu ya shigo a Disamba, katako ya tsage, fata ta ƙeƙashe, iska ta riƙa zurarewa ta inda ba a aike ta ba. Ƙura ta toshe bakin ƙananan bututu. Afrilu ya iso da zafin da yake wuce digiri 40, ga shi ɗabi'ar bututu ce muryarsa ta hau idan iska ta ɗumama, kuma ba tare suke hawa ba: masu harshen ƙarfe a ciki sukan tsaya kusa da inda suke, sauran su tafi su bar su. Abin da aka daidaita da asuba, kafin azahar ya zama faɗan kishiyoyi. Gara tana gefe tana jiran rabonta. Mai gyara kuma sai an aiko shi a jirgin sama. Ku tuna da Albert Schweitzer, ɗan faston Lutaran, likita, gwanin ogan da Turai ta san da zamansa. Da zai tafi Lambarene a Gabon, maƙwabciyarmu ta kudu, a 1913, bai ɗauko ogan ba. Piyano aka ƙera masa mai maɓallan ƙafa, aka lulluɓe cikinta da tutiya saboda laima da ƙwari, aka kai masa ita a kwalekwale. In mutumin da ya ci lambar Nobel ya haƙura, wane ne dattijon ikilisiya a Mora da ɗan baikonsa na Lahadi?

Yawwa, ga Malam can ya ɗaga yatsa: "Ai dama kayan Turawa ne, me ya haɗa mu?" Allah gafarta Malam, a Afirka aka haife shi. Wani ɗan wanzami mai suna Ktesibios ne ya ƙirƙiro shi a Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ruwa yake daidaita ƙarfin iskarsa. Ka ce Bagirke ne, Bagirke kuwa Bature ne? To, a raba: uba nasu, mahaifa tamu. A filin wasa aka daɗe ana buga shi, sai bayan fiye da shekara 1,000 ya sami shiga majami'a. A ƙarni na 9 ma, 'yan'uwan nan uku na Bagadaza, Banu Musa, sun rubuta bayanin wata sarewa mai busa kanta da ƙarfin ruwa. Ban ce ka saya ba, Malam. Na ce dai kada ka yi kyauta da abin da ba naka kaɗai ba.

Amma duk wannan share fage ne. Kuskurenku, ku masu neman bututu, shi ne zaton cewa da ogan aka kafa gidan Lutaran. Ba da shi aka kafa ba. Martin Luther mawaƙi ne, yana kaɗa molon Turawa, ya kuma tsara waƙoƙi fiye da 30. Abin da ya dame shi shi ne talaka ya zo majami'a ya tsaya bakinsa a rufe, wasu tsiraru suna rera masa Latin da bai ji ba. Shekara 7 bayan rigimar da ya tayar a Witenbag a 1517, wato a 1524, aka buga ɗan littafin waƙar Lutaran na farko da Jamusanci. Waƙa 8 ce kacal a ciki, 4 nasa. A shekarar ce kuma abokinsa Johann Walter ya fitar da littafin kwaya mai muryoyi daban-daban, Luther ya rubuta masa gabatarwa. A wancan zamani jama'a da bakinsu zalla suke waƙa. Ogan, inda akwai shi, yakan yi nasa ya yi shiru, kwaya ta karɓa. Sai da aka yi kusan shekara 100 kafin ya zama al'ada ya riƙa raka jama'a. A Zurik ma, Zwingli, wanda shi kansa makaɗi ne na gaske, ya ga kiɗa bai dace da ibada ba, har aka ɓalle ogan ɗin babbar majami'ar garin a 1527. Luther ya ƙi bin wannan hanya, sai dai abin da ya kafe a kai shi ne muryar mai noma da mai wanki, ba bututu ba. Saboda haka idan kun ji mutum ɗari biyu a ƙarƙashin rufin kwano a Mora sun ɗauki waƙa da harshen uwarsu ba tare da na'ura ba, su ne suka fi kusa da 1524, ba mai bango cike da ƙarfe ba.

Wani zai ce, "To ai Jamusawa sun zauna a Mora, su suka bar abin." Ka kusa, amma ka faɗi. Jamusawa sun zauna kam. Kyaftin Ernst von Raben ya kafe a kan dutsen Mora tun Agustan 1914, Ingila da Faransa suka yi masa zobe, bai sauko ba sai Fabrairun 1916, shi ne na ƙarshe da ya ajiye makami a duk Kamaru. Bindiga ya hau da ita, ba littafin waƙa ba. Lutaran ɗin arewacin Kamaru ta wata ƙofa ta shigo. Berge Revne da matarsa Herborg sun taso daga Amurka a 1918, suka fara aiki a Lere ta Cadi da Yagwa a farkon shekarun 1920. Daga wannan aikin aka sami ikilisiyar da ake kira EFLC, mai hedikwata a Garwa da makarantar horar da fastoci a Kayele. Ɗaya reshen, EELC, hedikwatarsa a Ngaundare take: Adolphus Gunderson ya zo a 1923, mutanen Norwe suka biyo baya a 1925, kuma wannan reshen ne mai gidan rediyon nan Sawtu Linjiila da yake magana da Fillanci. Mutanen Revne kuwa tun a can gida ba masu son dogon tsari da ado a sujada ba ne. Addu'a, karatu, wa'azi, waƙa. Ka ga ko da an ba su ogan kyauta, da wuya su biya kuɗin dako.

To me ake ji? Nan ne nake so ku matso kusa. Ranar gwaji da la'asar, ana fito da benci biyu ko uku ƙarƙashin darbejiya. Shugaban kwaya, wanda sau da yawa malamin firamare ne da ya taso daga aji da alli a hannun riga, yana riƙe da littafin rubutu na 'yan makaranta da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi. Yawancin mawaƙansa ba sa karanta alamun kiɗa, kunne ne jarinsu. Sai ya matse maƙogwaro ya rera wa 'yan mata layinsu da siririyar murya, ƙato da gemu, ba wanda ya isa ya yi dariya. Su maimaita har ya zauna. Ya juya ga mata masu murya ta biyu, ya ba su nasu layin, wanda in ka ji shi shi kaɗai sai ka rantse ba waƙa ba ce. Ya ba samari na uku. Masu babbar murya kuwa ba su iso ba tukuna, ba a taɓa yin gwajin da suka zo da wuri ba, kuma kowannensu da uzurinsa na babur. Idan suka hallara, malam ya buga ƙafa a ƙasa sau huɗu, ƙura ta tashi, layi huɗun nan da ba su san juna ba suka haɗu. Ni da nake bayan katanga, ba addinina ba, ba harshena ba, tsigar jikina tashi take yi. Kuna iya cewa sanyin yamma ne. A Afrilu?

Ranar Lahadi abin ya fi haka yawa, don Mora gari ne na tara-gurbi. Ga 'yan dutse da suka sauko, ga Tupuri da Mundang da Masa da aiki ya kawo, ga soja da ma'aikaci daga kudu. Faransanci da Fillanci su ne tabarmar da kowa yake hawa, amma kowace ƙungiya tana so a ba ta fili ta yi da harshenta, kuma kaiton faston da ya manta da ɗaya. Ana haka kasuwar Mora tana ci, don ita ma Lahadi ce ranarta, sai kukan jaki da ƙahon babur su shigo ta taga su ba da tasu gudummawa.

Waƙoƙin iri biyu ne, kuma kunne yana rabewa. Akwai waɗanda aka fassaro daga littattafan Turai da Amurka, masu tafiya a natse, baiti bayan baiti. Akwai na gida, wanda mace ɗaya take jefawa, jama'a su cafe, da ganga da caki da tafi. Kada ku ce son rawa ne kawai ya sa na biyun ya fi kama jiki. Tupuri da Mundang da Masa, har da Hausarmu, harsuna ne da hawa da saukar murya suke canza ma'ana. Karin da aka tsara wa Jamusanci ba ruwansa da wannan, zai ɗaga inda harshe ya ce a sauke, sai tsohuwa ta ji kalmomin garinsu ne amma maganar ba ta garinsu ba. Fillanci ya tsira daga wannan matsala, ba ya aiki da karin sauti irin namu, shi ya sa fassararriyar waƙa ta fi zama daidai a bakinsa. Mutumin Garwa, ga abin alfahari na ba ka kyauta, sai ka rage murmushin. Mawaƙan gida kuwa daga maganar suke ciro karin, ba su ɗora mata na aro. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan shi ne ainihin abin da Luther ya yi wa Jamusawa.

In kuma lallai sai kun ga bututu za ku yarda, ku hau dutse. A ƙauyukan Uldeme, nan cikin yankinmu na Mayo-Sava, akwai busar da ake yi a ƙungiya: kowa riƙe da sarewar da ba ta ba da murya sai ɗaya ko biyu, wannan ya busa, wancan ya cike gurbin, har waƙa ta tashi cikakkiya ba tare da wani ya busa ta shi kaɗai ba. Kowane bututu da muryarsa, iska daga huhu. Jikokin masu irin wannan kunne ne kuke tsammanin murya huɗu za ta gagara?

Saura kibod. E, akwai shi, kuma shi ne abin da yaran suke ce wa ogan ba tare da kunya ba. Ɗan akwatin roba ne na Yamaha ko Casio, a kan tebur, an rufe shi da zane saboda ƙura, yana da maɓallin da in an taɓa zai kwaikwayi muryar ogan na gaske. Ba na raina shi. Yana ba kwaya muryar farawa, yana riƙe su kada su zame ƙasa a baiti na huɗu. Rigimata da mai buga shi ce. Yaron ya gano maɓallin da yake kaɗa ganga da kansa, ya gano na ƙara sauti, an kuma saya masa lasifika biyu masu tsayin mutum. Daga ranar, tsofaffin benci na baya suka daina buɗe baki, don ko sun buɗe ba sa jin kansu. Sai ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar waƙa, janareta kuma ya ƙi tashi, za ka ji abin mamaki: daƙiƙa ɗaya ta shiru, sannan majami'a gaba ɗaya ta ɗauka daga inda na'ura ta faɗi, da ƙarfin da ba ka san tana da shi ba. Ni dai ban taɓa yi wa masu ɗauke wuta addu'ar alheri ba sai a irin wannan rana.

Kada yaron ya ji haushi, yana da babban magabaci. Johann Sebastian Bach, wanda duk duniyar ogan take durƙusa wa, yana ɗan shekara 20 a 1705 ya roƙi hutun mako 4 daga majami'arsa ta Arnstadt, ya taka da ƙafa kusan kilomita 400 zuwa Lubek don ya saurari tsohon gwanin ogan Buxtehude. Nisan ya fi Garwa zuwa Mora nesa ba kusa ba. Mako 4 ya zama kusan wata 4. Da ya dawo, a Fabrairun 1706, dattawa suka zaunar da shi. Laifin bai tsaya ga daɗewa ba: sun ce yana cusa baƙin kwalliya a cikin waƙa har jama'a suna rikicewa. An kuma yi ƙarar cewa yana tsawaita kiɗa, da aka yi masa magana sai ya koma gajartawa fiye da kima. Ku faɗa mini, wane dattijon ikilisiya ne daga Ngaundare zuwa Kuseri bai san wannan yaron ba? Shugaban kwaya ma ya kwantar da hankalinsa. Bach ɗin nan, bayan ya zama shugaban mawaƙa a Laifzig, aikin da ya riƙe daga 1723 har rasuwarsa a 1750, ya rubuta wa hukumar gari takardar kuka a 1730, ya lissafa yaransa: 17 masu amfani, 20 ba su nuna ba tukuna, 17 ba su da wani amfani sam. In Laifzig ta samu sulusi, malamin Mora da yake da rabi sai ya gode wa Allah.

Ku kuma 'yan Najeriya da kuke ta "ikon Allah, ashe a Kamaru haka ake," ku daina nuna baƙunta. Tun 1913 likitan nan ɗan Denmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan, kuma daga nan aka sami ikilisiyar Lutaran ta Najeriya, LCCN. Babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, shi ya shugabanci Tarayyar Lutaran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. Da Hausa suke waƙa, Hausar da kuke taƙama da ita, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta Yola ko Jos ranar taron Zumuntar Mata ya ji tulu da caki suna aikin da bututu dubu ba zai yi ba. Kun ji, kun dai ɗauke kai ne.

Akwai abin da ba na wasa da shi. Tun 2014 Mayo-Sava take cikin wahalar Boko Haram. Mora ta cika da waɗanda suka gudo daga Kolofata da Amcide da ƙauyukan kan iyaka, a nan ne kuma rundunar haɗin gwiwa ta kafa hedikwatar shiyyarta ta farko. An yi lokacin da sai an laluba mutum kafin ya shiga majami'a, haka ma kafin ya shiga masallacin Juma'a, wuta ɗaya ce ta ƙone mu duka. Wanda ya gudo da dare bai ɗauko benci ba, bai ɗauko kibod ba. Waƙoƙin da ya haddace kuwa sun iso tare da shi, kuma da su aka ci gaba da sujada a inda ko rufi babu. Ku gwada gudu da ogan mai bututu 3,000 ku ba ni labari.

Saboda haka dattawan ikilisiya, ranku ya daɗe, maƙwabcinku yana da roƙo ɗaya, ko da ba a tambaye shi ba. Kafin a ƙara sayen lasifika, a saya wa shugaban kwaya sabon littafi, a biya masa kuɗin mota ya je ya ƙaro ilimin kiɗa, a kuma ce wa yaron kibod ya rage sauti har tsohuwar benci na baya ta ji muryarta. Ku kuma da har yanzu kuke taɓe baki, daga Marwa kilomita 60 ne kawai. Ku zo ranar Lahadi da sassafe, ba sai kun shiga ba, inuwar darbejiya ta ishe ku. In kun ji ba daɗi, kasuwa tana ci, ku sayi albasa ku koma.